Gwandar da ba ta zuwa kasuwa

Alhamis biyu da suka wuce ƙanena ya shigo Damagaram cin kasuwa. Bayan la'asar ya biyo ta gida a bayan kabu-kabu, da 'yan zangarkun sabon gero da Inna ta aiko wa jikokinta su yi tumu, da wani tsohon gwangwanin madara da ya rungumo kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya miƙo mini gwangwanin yana murmushi. "Yaya, ga mutuniyarka." Tun ban buɗe ba na san ko mece ce, don ƙamshin ya riga murfin fita.

Gwandar daji ce, guda biyar, an shimfiɗa musu ganyen uwarsu a ƙasa an lulluɓe su da shi a sama. Uku sun fashe sun yi caɓal, hanya ta gama da su tun kafin Takeita. Biyu ne suka iso lafiya. Na ɗauki ɗaya, na miƙa wa autata ɗaya, wadda za ta shiga aji huɗu in an koma lakwal. Ta jujjuya ta, ta shinshina, ta ɓare ta kai baki, sai ta yamutsa fuska ta tofar a tafin hannu. "Baba, wannan ai duk ƙwallo ne. Ina abin cin?" Baffanta ya yi dariya har da buga ƙafa. Ni kuwa raina ya ɗan sosu, kamar an zagi wani nawa.

Amma yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Gwandar daji ba ta wuce girman ƙwan kaza, wata ma ba ta kai ba. Tana ɗanya kore ce, fatarta da ƙananan tudu-tudu, in ta nuna sai ta koma ruwan ɗorawa mai ja-ja ta yi luguf. Ka matsa ta da yatsa biyu ta buɗe, abin da za ka gani ƙwallaye ne jere, kowane da ɗan naman da ya lulluɓe shi. Shi ya sa ba a cin ta yadda ake cin mangwaro. Tsotsa ake yi. Ka cika baki, ka juya da harshe, ka yi ta furzar da ƙwallaye ɗaya-ɗaya. Ba ta ƙosar da ko yaye. Abin da take da shi ƙamshi ne, wani abu tsakanin abarba da mangwaro ɗan ƙauye, da ɗan yaji-yaji a ƙarshe wanda yake tsaya maka a maƙogwaro har ka isa gida.

Ku zaga Kasuwar Dole ranar Alhamis ku duba. Goriba na nan buhu-buhu, ga magarya, ga aduwa, ga tsamiya, ga kuka, ga kanya da ɗinya in lokacinsu ya yi, ga rake daga fadamun kudu. Duk waɗannan ko dai busassu ne ko kuma masu jimirin hanya, ana auna su da tiya ko a kasa su kashi-kashi. Gwanda ba ta da wannan haƙurin. Yau ta nuna, gobe ta sake, jibi ta zama abincin ƙuda. A shekarun da na yi a garin nan ban taɓa cin karo da mai tallar ta ba. Saiwarta ce take zuwa kasuwa, kuma zan zo kan wannan.

Ni ɗan kudu ne, wani ƙauye tsakanin Kance da Matamai, inda ruwan sama ya fi na nan yawa kuma ƙasar jigawa ce mai laushi. Mu da muka yi kiwon awaki a can mun san kowace gwanda da ke cikin gonakin garin kamar yadda muka san gidajen dangi. Wahalarta ita ce ba kai kaɗai kake jiran ta ba. Tsuntsu na jira, kiyashi na jira, tsutsa ta riga kowa shiga, ga sauran 'yan kiwo. In ka ce sai ta nuna a kan uwarta, ɓawo za ka tarar. Sai muka koyi tsinke ta da zarar koren ya fara dusashewa, mu naɗe cikin ganye, mu tona rami a yashi mai ɗumi kamar kamu ɗaya, mu binne, mu ɗora alama da karan gero ko kashin jaki. Kwana biyu, uku, ka dawo ka tone ta tana ƙamshi. In ka same ta ke nan. Akwai wani ɗan goggona da bai taɓa wahalar neman gwanda ba a rayuwarsa. Shi dai ya laɓe bayan sabara ya ga inda ka binne. Yanzu limami ne a garinsu, kuma duk lokacin da na tuna masa sai ya ce yarinta hauka ce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Baki ɗaya, wai, har da mu da aka yi wa satar.

A can garinmu ba ma cewa "gwandar daji". Gwanda kawai muke cewa, mutanen yamma su ce gwadda. Sai da na zo birni karatu na ji ana kiran waccan mai dogon wuya da ake dasawa bakin magudanar wanka da gwanda, tamu kuma an jingina mata daji. A ganina an yi mata ƙwacen suna. Waccan baƙuwa ce, asalinta ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka, shi ya sa tsofaffi suke ce mata gwandar Masar, kamar yadda masara ta samo sunanta, don a da duk abin da ya zo daga nesa ta gabas ko arewa Masar ake laƙaba masa. Baƙuwar ta ari sunan 'yar gida saboda kamar launi da laushi, da ta yi ƙarfi sai 'yar gida ta koma bare. Ba su haɗa dangi ba ko kusa. Masana tsirrai suna kiran tamu Annona senegalensis, sunan da wani masani mai suna Persoon ya rubuta mata a 1806, an danganta ta da Senegal, amma tana nan daga can har Afirka ta Kudu da Madagaska.

Furenta ne abin da na yi shekara arba'in ina wucewa ban kalla ba. Yaro ba ruwansa da fure, ɗa yake nema. Sai da na tsufa a aikin koyarwa, ina shirya darasin tsirrai, na karanta yadda dangin nan suke ɗaukar ciki, na ce sai na gani da idona. Hutun da ya biyo baya, cikin zafin bazara kafin ruwan farko, na je gonar Baba da sassafe na durƙusa gaban wata. Furen yana rataye ne ƙarƙashin reshe, kansa ƙasa, ɗaya-ɗaya, a ɓoye cikin ganye. Fatunsa shida ne, uku a waje uku a ciki, masu kauri kamar an yanka su daga ɓawon kabewa, bayansu kore-kore cikinsu ruwan madara. Ba ya buɗewa wangalau irin na yakuwa ko kuɓewa. Ɗan ɗaki yake yi mai ƙaramar ƙofa. Na sa farce na ɗaga fata ɗaya, sai ga wasu 'yan ƙwari baƙaƙe masu taurin baya, ba su kai ƙwayar gero biyu ba, suna ta kai-kawo a ciki.

Su ne masu aikin, ba ƙudan zuma ba. Da farko furen mace yake zama. A lokacin ne tsakiyarsa take danƙo, yana fitar da ƙamshi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna, ƙwarin su shigo su samu inuwa da abin lasa su zauna. Daga baya, bayan ɓangaren macen ya daina karɓa, sai ɓangaren namijin ya saki garinsa ya bule baƙin da shi, fatun su zube, ƙwarin su tashi da garin a jikinsu su faɗa wani furen da yake matakin mace. Dabara ce ta hana fure auren kansa. Kuma kowane tudu da kake gani a fatar gwanda 'yar mahaifa ce mai zaman kanta, da yawansu ne suke haɗewa su zama ɗa guda. In garin ya isa wasu bai isa wasu ba, sai gwandar ta fito a karkace, gefe ɗaya cike gefe ɗaya a shanye. Mun ci irin waɗannan ba adadi muna yara, muna cewa aljani ne ya tsotse gefen.

Daga nan ne sha'awar dasa ta a gidana ta kama ni, kuma sau uku ina shan ƙasa.

Na farko, ƙwallaye ashirin na tara, na cika ledojin ruwa da ƙasa da taki na jera bayan ɗaki. Wanda ya san Damagaram ya san abin da ruwa yake nufi a watan Afirilu. Gari ne da aka gina kan dutse, ruwan sama bai cika wuce milimita 400 da 'yan kai a shekara ba, famfo kuma sai ya ga dama. A wannan shekarar har dala ashirin na sayi bido ɗaya wurin 'yan garuwa, kuma a cikinsa nake satar moɗa biyu in zuba wa ledojin da ba abin da ya fito cikinsu. Wata guda shiru, wata biyu shiru. Uwargida ta ce, "Malam, ƙasa kake shayarwa ko sadaka kake wa tururuwa?" Ashe ƙwallon yana da taurin ɓawo, ɗan tsiron da ke cikinsa kuma ƙanƙane ne, yana ɗaukar lokaci kafin ya farka. Ana ɗan kankare shi a jiƙa kafin a shuka, ni ban sani ba. A wata na uku guda biyu suka leƙo. Akuyar maƙwabta ta shigo ranar wata Juma'a muna masallaci.

Na biyu, na ce bari in ɗauko wadda ta riga ta tsiro. Na ga wata 'yar ƙarama a gonar Baba, ba ta kai gwiwa ba, na ɗauki haƙa na fara tono. Na tona har hannuna ya shige zuwa kafaɗa ban ga ƙarshen saiwa ba. Abin da na tarar shi ne 'yar tsiron ba jaririya ba ce, reshe ce da ta ɓullo daga wata saiwa mai kaurin taɓarya da ta ratsa ƙarƙashin gonar ta nufi inda ban sani ba. Ƙila ta girme ni. Na sare abin da na iya, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu na kawo birni. Kwana tara ta yi ganyen ya bushe ƙamas.

Na uku shi ne abin dariyar. Wani mai sayar da dashe a bakin hanya, da na yi masa bayanin abin da nake nema, bai ko yi jim ba ya ce yana da ita, har ma ta zamani, mai aure. Ya kawo mini wani dashe mai siririn ganye. Na ce ganyen gwanda ai faffaɗa ne, mai shuɗi-shuɗi, da laushin gashi a bayansa. Ya ce, "Ai mushe, auren ne ya gyara ta." Na biya jika ɗaya da rabi. Shekara uku ina ba ta ruwan wanke-wanke da na alwala, ta yi fure irin mai ɗakin nan, na ce lalle dangin ne. Da ta haihu sai ga ɗa kore mai ɓalli-ɓalli kamar bayan kunkuru, cikinsa fari fat. Fasadabur ce. 'Yar uwar gwanda ce ta jini, jinsinsu ɗaya, amma ita ma daga nahiyar Amurka aka kawo ta. In faɗi gaskiya, ta fi tamu nama, ta fi ta zaƙi, kuma mutanen gidana sun fi son ta nesa ba kusa ba. Tana nan tsakar gida yanzu ta wuce katanga. Da yake ƙwarin nan ba su cika zuwa cikin gari ba, ni nake yi musu aikin: da yamma in kakkaɓe garin furen da ya buɗe cikin murfin kwalba, da safe in ɗiba da gashin kaza in shafa wa wanda yake matakin mace. Tun da na fara haka 'ya'yan suka ƙaru kuma suka daina fitowa a karkace. Abu ɗaya nake gargaɗin yara a kai, kada su fasa ƙwallon su taɓa ido. Yana da dafi, har akan daka shi a kashe ƙwarƙwata da shi, in ya shiga ido kuwa yana iya yin mummunar ɓarna.

Akwai wata 'yar uwar gwanda da take cikin kowane ɗakin girki a garin nan ba a san su dangi ba ne. Lokacin jegon autar nan tawa, goggon uwargida ta zo zaman wanka, tana tsakar gida tana daka yaji, ga citta, ga kanumfari, ga masoro, ga barkono, ga kimba an ɓalla ta gaɓa-gaɓa. Na ce, "Goggo, kin san kimbar nan da gwandar daji 'yan gida ɗaya ne?" Ta dakata da taɓarya ta dube ni sama da ƙasa. "Boko dai bai bar ku da komai ba. To ni da Sarkin Damagaram ma 'yan gida ɗaya ne, ta wajen Annabi Adamu." Ban iya ba ta amsa ba ranar. Amma haka abin yake. Kimba 'ya'yan wata doguwar bishiya ce ta dazuzzukan kurmi masu ruwa, tana kai mita ashirin, ana shanya kwansonta ko a busar da hayaƙi kafin fatake su hauro da ita arewa. Mu nan mun san ta a kunu da yajin jego da shayi, ba wanda ya taɓa ganin uwarta. Mutanen Senegal da ita suke haɗa kofin nan nasu na Tuba. Ka murza ganyen gwanda a hannu ka shinshina, sa'an nan ka shinshina kimba, za ka ji inda suka haɗu. Ka fasa ƙwallon kowace ka duba, cikinsa ba sumul yake kamar gyaɗa ba, zane-zane ne da shi kamar an nannaɗe. Wannan tambarin gidansu ne, gidan da ke da iri fiye da 2,000, har da wata mai furen turare da ake tatsar mansa a tsibiran Komoros ana kai wa masu haɗa turare a Faransa.

To, saiwa. In ka bi layin masu magani a kasuwa za ka gan ta ɗaure-ɗaure, an yanka ta tsawon yatsa, tana ƙamshi. Na taɓa tsugunawa gaban wani dattijo na tambaye shi amfaninta. Ya ƙirga mini da yatsu: sanyi, tsutsar ciki, gudawa, ciwon haƙori, saran maciji, har ya ƙare yatsun hannu ɗaya ya koma ɗayan. Na ce, "Baba, daga ina ake kawo muku?" Ya ce da can nan kusa ake samu, yanzu sai an nausa kudu wajen Magarya da bakin iyaka. Ya faɗi haka ba tare da ya ga alaƙar maganar da tarin da ke gabansa ba.

Ba na raina maganin gargajiya, da shi aka raine ni. Inna ta sha dafa mana ɓawon gwanda in ciki ya ɓaci, Baba kuma yakan shimfiɗa ganyenta a rumbu. Masu bincike a Najeriya ma sun gwada saiwar a kan dafin maciji cikin ɗakin gwaji da jikin ɓeraye, sun ga tana rage wani abu na ƙarfinsa. Amma ɓera a keji daban, mutum da kububuwa ta sara a gona daban. Wanda gobe-da-nisa ta taɓa, a ɗora shi kan babur a nufi inda ake da allurar dafi, kada a tsaya jiƙa saiwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, wai ganyen korosol, wata babbar 'yar uwarsu mai ƙaya-ƙaya a fata, yana warkar da ciwon daji ya fi duk maganin asibiti. Da yake korosol ba ta yawaita a nan ba, sai masu sayarwa suka juya maganar kan gwanda, har wani ya ce mini ai sunan ma ya nuna, gwandar daji maganin ciwon daji. Gaskiyar da ke ciki ita ce dangin nan suna da wasu sinadarai masu kashe ƙwayoyin halitta a kwanon gwaji, da masu cuta da lafiyayyu. Ba a tabbatar sun warkar da ciwon daji a jikin mutum ba. Kuma a 1999 likitoci a tsibirin Gwadalup, wanda ke ƙarƙashin Faransa, sun ba da rahoton wani ciwo mai kama da na makyarkyata a tsakanin mutanen da suka daɗe suna shan korosol da shayin ganyenta. Matar wani abokin aikina ta yi wata bakwai tana shan dafaffen ganye saboda ƙullutu a nono, kowa na ce mata ta dage. Da aka kai ta asibiti likita ya tambayi mijin me ya sa sai yanzu. Na je gaisuwar, ban iya ce masa komai ba ban da Allah ya jiƙanta.

In koma gonar Baba. Tun ina yaro, kowace bazara aikinmu sassabe. Duk abin da ya tsiro a gona, kalgo ne, sabara ce, gwanda ce, a sare shi daidai ƙasa a tara a ƙone. Gona mai tsabta ita ce gonar namiji. Gawo kaɗai ake ɗaga wa ƙafa, shi da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana ya kuma ba shi taki. Gwanda kuwa a sare ta bana, baɗi ta dawo da rassa goma, ta yi 'yan 'ya'yanta a kan sabon reshe tana tsugune. Shi ya sa na girma ina zaton ita ba bishiya ba ce, kurmi ce mai tsayin ƙugu. Ashe in an bar ta tana kai mita biyar, shida. Ba mu taɓa barin ta ba ne.

Bayan yunwar 1984, wadda na gani da idona ina ɗan shekara goma, hankalin manoma ya fara juyawa. A wajen Maraɗi wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta jan hankalin mutane cewa kututturan da suke sarewa itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Abin da ake kira sassabin zamani ke nan. A ƙasarmu ta Matamai da Magarya da Mirya manoma da kansu suka cika gonaki da gawo. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a Nijar ta wannan hanya. Amma ka lura da abin da ake bari: gawo don taki da abincin dabba, kuka don miya, kalgo don itace. Gwanda ba ta kawo ko dala, saboda haka tana cikin waɗanda gatari bai daina bi ba.

A 2019, bayan rasuwar Baba, gonar ta koma hannun ƙanena. Na roƙe shi ya bar mini kututture ɗaya, wanda ke kusurwar gabas kusa da tsohuwar rijiya. Bai so ba. Ya ce, "Yaya, kai kana birni kana cin albashi. Inuwarta za ta kashe mini gero, tsuntsu zai samu wurin sauka, yara su tattake shuka suna neman 'ya'ya, maciji ya samu ɗaki." Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Na ce ya ƙiyasta damin da zai rasa in riƙa biya. Ya ji kunya ya ce a bar maganar. Muka zaɓi rassa uku muka ɗaure musu tsumma ja, muka sare sauran. Yau ta fi ni tsawo da hannu a miƙe. Bara wasu suka zo da dare suka tone gefe ɗaya suka yanke saiwa mai kaurin dantse, reshe ɗaya ya mutu, biyun suka tsira. Ƙanena da ya ƙi ta da farko shi ne ya kewaye ta da ƙayar aduwa, ya kai ƙara wurin mai gari. Daga jikinta ne biyar ɗin nan na gwangwani suka fito.

Maganar autata ta tsaya mini a rai, shi ya sa Asabar da ta wuce na ɗauke ta muka shiga mota zuwa gida kafin a koma lakwal. Da hantsi muka tafi gona ita da 'ya'yan baffanta, gero ya fi mu tsawo, raɓa ta jiƙa mata zane har gwiwa tana ta mita. Da muka isa na ce ba zan nuna mata ba, ta nema da kanta. Ta ɗaga wannan ganye ta ɗaga wancan, ta samu wadda tsuntsu ya fafe, ta samu wadda kiyashi ya cika, ta yi tsaki. Can ƙasa, cikin duhun reshe, ta hango wata cikakkiya da koren ya fara dusashewa. Ihun da ta yi sai da ya tashi 'yan tsuntsaye daga kan gero. Na nuna mata yadda ake naɗewa a ganye, ta tona ramin da hannunta, ta binne, ta kafa karan gero, ta ƙara da dutse don kada a yi kuskure. 'Ya'yan baffan suna tsaye suna kallo ba su ce uffan ba.

Lahadi da yamma muka juyo, gwandar ba ta nuna ba. Ta damƙa wa baffanta amana, ya tone ranar Laraba ya ba direban da zai shigo Alhamis, a gwangwani, da ganye da yawa. Jiya Laraba bayan magariba ta karɓi salulata ta kira shi da kanta. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune. Ya ce ya je da sassafe, kara na nan, dutse na nan, ramin ma an mayar da ƙasa an shafe tsaf. Ganyen kawai ya tarar a ciki, an naɗe shi yadda ta naɗe.

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Baffa, ba ni ƙaramin nan naka. Wanda ya tsaya bayan sabara."